Shekarar da Baba Ya Fito Na Farko

Har yau idan na ji warin tawadar dangwale, shuɗiyar nan da ke kama babban yatsa ta ƙi fita ko an goge da toka, sai hancina ya haɗo mini da warin albasa. Rani ne, an cire albasa an baje ta tana shan iska a ƙarƙashin darbejiyoyin makarantar firamare ta garinmu. Ni kuma ina zaune a bayan wani teburin 'yan makaranta mai gurguwar ƙafa, da 'yar akwatin tawada a gabana, mata sun yi layi ina dangwala musu yatsu. Iska tana kaɗa zanar da aka kewaye wurin jefa ƙuri'a da ita, tana ƙara kamar ana shara. Ban san cewa ina zaune a tsakiyar abin da zai raba gidanmu biyu ba. Ina ta kallon yadda tawada ke shiga tsagar yatsun tsofaffi tana fito da zane kamar kunyoyin gona, ina cewa a raina idan na koma gida zan rubuta waƙa a kai.

Ku 'ya'yan gidajen nan biyu nake rubuta wa, nawa da na yayyena da jikokin Baffa. Bara kun ga Baba, wato kakanku, ya ɗauki diga da tsufansa ya fasa katangar da ke tsakanin gidanmu da gidan Baffa, ya hana kowa ya taya shi. Kun tsaya kuna dariya ƙasa tana zubowa, har kuka ga hawaye a gemunsa kuka yi tsit. Wasunku sun tambaye ni dalili, na ce sai kun girma. Daga baya na sake tunani. Ban kai shekarun da ake zama a rubuta tarihin rayuwa ba, amma wannan shekara guda ba na so ta iso gare ku ta bakin mutanen waje, don kowa da yadda yake ba da ita, kuma duk wanda na ji ya bayar sai ya zalunci ɗaya daga cikin mutum biyun da na fi so a duniya.

Baffa, wanda gari ke kira Malam Isuhu, wan Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu ya rasu Baba yana ƙarami, Baffa ne ya riƙe shi. Lokacin da aka zo ɗibar yara makarantar boko, mutanen unguwarmu, unguwar malamai, wasu har a rumbu suka ɓoye nasu. Baffa kuwa ya kama hannun ƙanensa ya kai shi da kansa, shi ya dawo kan buzunsa ya ci gaba da ba da karatu. Baba ya zama malamin gona, ya yi aiki a Daura, ya yi a Mashi, ya yi a Dutsi inda ya auro Umma, da ya ajiye aiki ya dawo gida ya gina nasa jikin na wansa. A katangar da ta raba gidajen aka bar wata 'yar ƙofa da ba ta da ƙyaure. Ta nan kwanon tuwo ke wucewa, ta nan ake ɗebo wuta, ta nan kaji ke rikita mu da ƙwai har ba a san na wane gida ba ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka su duka biyun Uwata suke ce mini. Idan na yi laifi a wannan gida sai in sunkuya in faɗa wancan, in ce ɗana ya yi mini rashin kunya, Baffa ya yi ta dariya har rawaninsa ya goce.

A bayan garinmu akwai madatsar ruwa, da ita ake noman rani. Ruwan yana bin babbar kwata, masu gonakin bakin kwata su sha su ƙoshi, na wutsiya su samu abin da ya rage, wani lokaci laka kawai. Ƙungiyar manoman rani ce ke raba kwanakin ban ruwa, kuma shugabanta shi ke riƙe da mabuɗin ƙofar kwata. Yawancin gonakin unguwarmu a wutsiya suke, har da na tsofaffin matan da suka gaji 'yan fegi daga mazajensu. Shekarar da wa'adin shugaba ya ƙare, Baffa ya sunkuyo ta 'yar ƙofar nan da hantsi, ya samu Baba yana gyaran fartanya.

"Habu, karatun nan da na kai ka, yau ranarsa ta zo."

"Yaya, ni siyasa ba tawa ba ce."

"Wa ya ce maka siyasa? Rabon ruwa ne. Tumatirin tsohuwa yana ƙonewa kana da ilimin da za ka hana, sai ka ce ba taka ba ce? Ka fito. Unguwa tana hannuna."

Baba bai taɓa yi wa wansa musu sau biyu a kan magana ɗaya ba. Ya fito.

Da can idan za a yi zaɓen ƙungiya, 'yan takara ke tsayawa a fili kowa ya je ya yi layi a bayan wanda yake so. Abin yana haifar da gaba, don mutum yana ganin maƙwabcinsa ya tsallake shi ya tsaya bayan wani. Shi ya sa a wannan shekara aka ce a yi da takarda da dangwale, a asirce, irin na gwamnati. Mutum huɗu suka fito. Akwai Baba. Akwai Alhaji Mati, mai manyan gonaki a bakin kwata, wanda kowa ya san shi ne abokin karawar. Akwai wani dattijo da tun kafin ranar ya saki abin a zuciyarsa. Sai Sule Mai Albasa, mijin 'yar Baffa, mutum mai fara'a da ba ya iya ce wa kowa a'a, wanda abokansa na teburin mai shayi suka zolaye shi suka kai sunansa, shi kuma kunya ta hana shi janyewa.

Rigimar farko a kan jeri aka yi ta: wa za a sa a farkon takarda? Wani ya ce a bi shekaru, wani ya ce a bi haruffan suna, kowa yana lissafin inda nasa zai faɗo. Da abin ya ƙi ƙarewa, mai gari ya kakkarya karan dawa huɗu, wani ya fi wani tsawo, ya dunƙule su a hannu ya ce kowa ya zara, wanda ya zaro mafi tsawo shi ne na farko. Baba ya zaro mafi tsawo, Sule ya zaro mai bi masa. Baba ya dawo gida da karansa a aljihu yana dariya, ya miƙo mini, yana kwaikwayon yadda Alhaji Mati ya kaɗe riga ya tashi.

"Cewa ya yi, 'To ai an gama zaɓe! Wanda rana ta daka, da wanda akuyarsa ke jiransa, da wanda bai san kowa ba, duk na farko za su dangwala su kama gabansu.' Kuma Uwata, gaskiya ya faɗa."

Na ce ban yarda ba, yaya za a ce wurin da hoton mutum ya faɗo a takarda ya fi halinsa nauyi? Baba ya ce shi ya taɓa yin aikin zaɓen gwamnati a ƙauyuka, ya ga abin da idonsa. Mutum ya sha layi tun safe, an miƙa masa takarda doguwa kamar rawani, ga alamomi birjik, ga na bayansa suna ce masa ya yi sauri. Idan bai zo da wani a zuciyarsa ba, ko ya zo da shi ya kasa gano shi, inda idonsa ya fara sauka nan yatsansa ke sauka. Ya ce akwai jam'iyyun da ba wanda ya taɓa ganin ɗan takararsu a gari, amma idan aka zo ƙirga sai a ga sun tsinci ƙuri'u, don kawai suna sama. Na yi ta juya karan a hannuna. Abin ya ba ni tsoro kaɗan, kamar an ce mini wani lokaci ruwa yana gangara ba don can ne ake buƙatarsa ba, sai don can ƙasa ta karkata.

Daga ranar yaƙin neman zaɓenmu ya zama kalma biyu. Ba sai an ce wa tsohuwa ta nemi fuskar Malam Habu ba, ba sai an koya mata suna a rubutun boko ba. Na farko, shi ke nan. Umma da maƙwabtanta idan suna daka, taɓarya tana sauka suna cewa na farko, tana tashi suna cewa ruwa har wutsiya. Yara suka ɗauka suna yi a hanyar rijiya. Baffa kuwa, da sandarsa da idonsa da ya fara hazo, ya bi unguwa zaure zaure, abin da bai taɓa yi wa wani ɗan takara ba a rayuwarsa. Ni a lokacin ina hutu daga kwaleji, kaina cike da littattafai, ina ganin duk wannan kamar wani labari mai daɗi da na riga na san ƙarshensa.

Sakataren ƙungiya ya kai hotuna Daura, wani shagon kwamfuta a hanyar da ke bi ta Kusugu, aka buga takardun. Mu duka mun ɗauka za a jera su ne daga sama zuwa ƙasa kamar ta gwamnati. Amma mai shagon, don falle ɗaya ya fitar da ƙuri'a biyu, sai ya jera su biyu a sama biyu a ƙasa. Ba wanda ya ga takardar sai safiyar zaɓe da aka kwance ƙunshin. Injin ya ƙona hotunan, fuskoki huɗu baƙi ƙirin a ƙarƙashin huluna huɗu, ba abin da ake ganewa sai haƙoran Sule da ya yi dariya lokacin ɗauka. Sunaye a ƙasa da ƙananan haruffan boko. Baba yana sama ta hagu, Sule yana kusa da shi ta dama. Na ga Baba ya ɗaga takardar ya duba, ya gyaɗa kai.

"Ga ni nan na farko. Hoton ne dai sun mai da ni gawayi, amma ba komai."

Ni ma na duba, na ga shi ne na farko. Sakatare ya duba, ya ga haka. Aka fara.

Ina tuna Inna Dije, matar Baffa, da ta iso gabana tana gyara lulluɓi. Saboda sunan surukarta da nake ɗauke da shi, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Uwar masu gida, dangwala mini da kyau, kada ya ƙi kamawa in yi asarar tafiya."

"Inna, kin dai san inda za ki sa?"

"Ji 'yar nan! Na farko. Ko akuyar gidanmu ta haddace."

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya, kowace tana nuna mini yatsa tana cewa na farko, kamar gaisuwa. Can a layin maza na hango Baffa ya fito daga bayan zana, ya ɗaga mini babban yatsansa shuɗi, fuskarsa tana haske kamar wanda ya sauke wani nauyi da ya daɗe a kansa.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, aka ajiye duwatsu huɗu, kowane ɗan takara da nasa. Akwatin ƙuri'a bai bar idon jama'a ba tun safe. Sakatare yana zaro takarda, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya kira suna, a danne ta a ƙarƙashin dutsen mai ita. Da farko ana ta raha. Aka kira Sule, aka yi dariya, wani ya ce matarsa ce. Aka sake kiran Sule, aka ce to ga uwarsa. Aka kira Baba, aka kira Alhaji Mati, sai Sule, sai Sule, sai Sule. Dariyar ta fara raguwa kamar ruwa a wutsiyar kwata, har ta ƙafe. Ba abin da ake ji sai muryar sakatare da kukan wata akuya da aka ɗaure a jikin taga. Na dubi dutsen Sule, takardu sun ɗaga shi har ya karkace. Na dubi Baba. Yana tsaye hannayensa a baya, bai motsa ba, amma leɓɓansa suna motsi, na san lissafi yake yi. Ya san mutanensa na cikin gari, matasa da tsofaffin abokan aikinsa da waɗanda suka yi boko, ga su nan a ƙarƙashin dutsensa ba wanda ya ɓace. Abin da babu shi ne unguwarmu. Unguwar da Baffa ya ce tana hannunsa ta tashi ɗungurungum ta koma ƙarƙashin dutsen surukin Baffa.

Sule ba ya ma wurin. Tun da ya jefa tasa da safe ya tafi ɗura albasa a buhu don kasuwar Mashi. A kan babur aka ɗauko shi, rigarsa duk ɓawon albasa.

"Ni? Ni kuma? Ku bar wasan nan don Allah. Wallahi ni kaina Baba Habu na zaɓa!"

Wani daga cikin mutanen Alhaji Mati ya yi tsaki da ƙarfi.

"Ji iya shege. An sa ƙane a gaba yana ta yawo a rana, an yi wa suruki aiki ta bayan gida. Malamai ke nan, ba ka jin motsinsu."

Tun kafin zaɓe an yi alkawari cewa da an gama ƙirga za a ƙona takardun a gaban kowa, don kada wani ya bi sawun yatsa ya gano wanda ya ƙi shi. Haka aka yi. Na tsaya ina kallon fuskokin nan huɗu suna nannaɗewa a cikin wuta, warin tawada da hayaƙi da albasa ya cika fili. Ban ji baƙin ciki ba a lokacin. Abin da na ji shi ne kamar na taka matakalar da na saba takawa kullum na tarar babu ita.

Washegari da hantsi Umma ta ba ni kokon Baffa in kai, kamar yadda aka saba. Na sunkuya ta 'yar ƙofa, na nufi zaure, sai na ji muryar Baba a ciki. Na tsaya a bayan ƙyaure da kwano a hannu.

"Yaya, tambaya ɗaya na zo yi."

"Yi goma, Habu. Ni ma ban runtsa ba."

"Mutanenka wa suka zaɓa?"

"Kai."

"Ina tsaye aka ƙirga, Yaya."

"To an canza takardun. Yaran nan masu biro, ba abin da ba za su iya ba."

"Ba a canza ba. Akwatin bai bar gabana ba ko na ƙiftawar ido."

Ta tsagar ƙyaure na ga Baffa ya miƙa hannu wajen gafakar da Alƙur'aninsa ke ciki. Baba ya yunƙura.

"Kada ka taɓa, Yaya! Don Allah kada ka taɓa."

Baffa ya ɗora tafinsa a kai.

"Na rantse da Wanda ya saukar da wannan, na farko na dangwala, kuma na farko na ce kowa ya dangwala."

Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar yadda na gan ta a lokacin ba. Ba fushi ba ne. Fuskar yaro ce da ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa ƙasa ta fito.

"Da ka ce mini Sule kake so, wallahi da na janye na yi masa yawo da ƙafata. Kujera ce, me aka yi aka yi ta? Amma rantsuwa, Yaya? Kai?"

"Ni kake ce wa na rantse a kan ƙarya, Habu? Ni da na goya ka?"

Baba ya tashi ya fita ta ƙofar waje, ya zagaya ta titi ya shiga gidansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ni kuwa ina nan a tsaye har kokon ya huce ya yi fata a sama.

A makon nan Baba ya kwaɓa ƙasa da kansa. Umma ta tsaya a kansa tana roƙo.

"Malam, ka bari zuciya ta huce. Abin da aka gina da fushi da wuya a rushe shi."

"Ba fushi nake ba. Ba zan iya ganin ya sunkuyo ta nan yana ce mini Habu ba, ina tuna hannunsa a kan gafaka. Gara in riƙa tuna shi yadda na san shi."

Ya jera tubali ya toshe ƙofar, ya shafe ta da laka. Sabuwar ƙasar ta fi tsohuwar duhu, don haka siffar ƙofar ta zauna a jikin katanga shekara da shekaru, kamar tabon ƙuna. Kwana biyu kaji suna zuwa su tsaya a gabanta suna karkata kai.

Ba a daina gaisuwa ba, kada ku ɗauka an yi irin gabar da ba a ga maciji. Ranar salla Baba yakan je ya durƙusa a zauren wansa ya gaishe shi, Baffa ya amsa, su yi shiru, Baba ya tashi. Amma kwanon tuwo ya daina wucewa. Ƙannena suka daina zuwa karatu can, aka mai da su wata makaranta. Sule ya zo ya fi a ƙirga yana so ya sauka ya bar wa Baba, Baba ya ce shi ba ya karɓar sadakar kujera. Sule ya yi wa'adinsa bai iya hana kowa komai ba, ruwa ya ci gaba da ƙarewa a bakin kwata, tumatirin tsofaffin nan da aka yi abin dominsu ya ci gaba da ƙonewa. Da aka zo zaɓe na gaba ba wanda ya yarda da takarda, aka koma tsayawa a bayan mutum. Baba bai sake fitowa ba.

Ni kaɗai na ci gaba da zagayawa ta titi. Duk zuwan da na yi, Baffa zai tambaye ni, "Uwata, ɗanki ya ci abinci?" Nakan zauna a gefe yana ba da karatu, ina kallon fuskarsa ina neman inda ƙarya ta ɓuya, ban samu ba. In dawo gida in kalli Baba, in san shi ma abin da ya gani ya gani, don ni ma ina wurin. Mutum biyu da ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba, kuma a lissafina dole ɗaya ya yi. Wannan ya fi komai gajiyar da ni a shekarun nan. Waƙar da na ce zan rubuta a kan yatsun tsofaffi ban rubuta ta ba, na daɗe ma ban rubuta komai ba.

Baffa ya rasu da damina, gero ya fara fitar da kai. Ana saura kwana kaɗan ya riƙe hannuna ya ce, "Ki gaya wa ɗanki ban ci amanarsa ba." Na zagaya ta titi na isar da saƙon. Baba ya ce, "Allah ya gafarta masa." Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, ya yi kuka irin wanda ban san maza suna yi ba. Amma katangar tana nan.

Shekaru suka wuce, na yi aure, na fara koyarwa a Daura. Bara na zo gida na tarar Inna Dije ba lafiya, hawan jini. Na kai ta asibiti aka ba ta magani iri biyu, ɗaya na safe ɗaya na yamma. Da muka dawo na zauna kusa da ita a tabarma, na jera katunan maganin biyu a gabanmu, na safe ta hagu, na yamma ta dama.

"Inna, kin gani, na farko da safe, na biyu bayan magariba. Nuna mini na safe."

Ta miƙa hannu ba ko tantama ta ɗauki na dama.

"A'a Inna, na farko na ce."

"To ai shi ne wannan, uwar masu gida. Ko kin taɓa ganin an fara abu ta hagu? Ta ina ake fara karatu?"

Na buɗe baki zan gyara mata, sai na fasa. Na ji warin albasa. Wallahi a ɗakin babu albasa, amma na ji shi. Na kwashe katunan, na ɗauko murafan kwano huɗu na jera su biyu sama biyu ƙasa.

"Inna, ranar zaɓen Baba, da aka ba ki takarda haka, ina kika sa yatsa?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunanta. Ta ɗora babban yatsa a kan murfin sama na dama, ta danna shi da kyau, kamar har yanzu tana tsoron kada ya ƙi kamawa.

"Nan mana. A kan Habu."

Ban iya gaya mata a ranar ba. Na tashi na zagaya ta titi, na samu Baba a ƙofar gida, na jera masa duwatsu huɗu a ƙasa na ba shi labari. Ya dube su, ya dube su, ya ɗaga hannunsa na dama ya kalla kamar ba nasa ba. Shi ma da allo ya fara, a gaban wansa, kafin wan nasa ya kama wannan hannun ya kai shi inda ake farawa ta ɗaya gefen. Ya shiga ya ɗauko diga. Sauran kun gani da idonku.

Abu ɗaya ya rage, shi ma sai bayan an buɗe ƙofar na ji shi. Inna Dije ce ta ba ni, tana zaune a bakin ƙofar tana tsince shinkafa, ƙafa ɗaya a gidansu ɗaya a namu. Ta ce ranar zaɓen, da aka idar da sallar asuba, Baffa ya tara unguwa a zaurensa, maza a ciki mata a bayan ƙyaure, don yana tsoron kada wani ya ruɗe ya jawo wa ƙanensa asarar ƙuri'a. Ya ɗauko allo ya ɗaga, ya ɗora yatsa a kusurwar da ake rubuta bisimilla, ya ce idonsa ba ya ganin hoto, nasu ma haka, don haka kada kowa ya tsaya neman fuska, kowa ya yi bisimilla ya sa yatsa inda ake fara karatu, Habu yana nan yana jiransu. Ta ce ya sa su sun maimaita har sai da ya tabbata. Kuma duk unguwar, maza da mata, ba wanda ya saɓa masa ko mutum ɗaya.